Ofishin kula da ɗalibai ya yi gum kan katin zaɓe, ku ma haka yake a makarantunku?

Ɗan Aji Huɗu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya kwana biyu yana ci min rai shi ne na ce bari in kawo shi nan ko zan samu masu fahimtar da ni. Tun watan Agustan 2025 INEC ta sake buɗe rajistar katin zaɓe, da farko ta intanet daga baya kuma a ofisoshinsu, amma wlh har yau ɗin nan da nake rubutu ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarmu bai fitar da ko layi ɗaya a kai ba. Kuma ba wai ba sa fitar da sanarwa ba ne, kullum cikin fitarwa suke, a biya kuɗin makaranta kafin rana kaza ko a rufe fotal, an hana hita a hostel, duk wanda aka kama da shigar banza zai gamu da kwamiti, an ɗage rabon gado. Na je da ƙafata na tambaya wani ma'aikaci ya ce min ɗan samari wannan ba aikinmu ba ne aikin INEC ne. To ni tambayata idan ɗalibi ya shigo jami'a yana da shekara 17 ko 18 ya cika shekarun zaɓe a hannunku, waye ya fi cancanta ya ce masa ga inda ake yi ga ranar da za a rufe? A ɗakinmu mu shida ne mutum biyu kawai ke da kati.

Mai Lissafi: Wa'alaikassalam. Mu ma haka yake ɗan'uwa, sai dai ni ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Wanda ya iya neman admishan ya iya cike JAMB ya san inda ake kallon ƙwallo da daddare, shi ne za a ce bai san inda ake katin zaɓe ba? Ba sa so ne kawai.

Ɗan Aji Huɗu: A'a Mai Lissafi kar ka yi musu wannan hukuncin. Admishan ai har gida ake bin ka da labarinsa, babanka na tambaya yayanka na tambaya, makaranta na turo tes. Shi kuwa wannan ba wanda yake ce maka komai sai an rufe kake jin labari.

Maman Biyu: Ku bari in ba ku labarin abin da ya same ni a 2023 don shi ne amsar maganar Mai Lissafi. Lokacin ina aji uku. ASUU ta tafi yajin aiki tun 14 ga Fabrairun 2022 ba su dawo ba sai tsakiyar Oktoba, wata takwas cif muna gida, to a wannan zaman ne yawancinmu muka yi rajista a garuruwanmu tunda a ƙarshen Yuli aka rufe. Ni har layi na bi kwana biyu da goyo. Da aka dawo makaranta sai aka ɗora mana karatu kamar za a kashe mu don a cike gibin da aka yi, lakca har Asabar, tes a kan tes, kuma a daidai wannan lokacin ne aka fara rabon katin daga Disamba har zuwa 5 ga Fabrairu, kuma doka ta ce ba a karɓar wa wani sai ka je da kanka. Garinmu tafiyar awa bakwai ce. Na je wajen malaminmu ya ce shi ba zai ɗage tes ba sai da takarda daga sama, na je ofishin ɗalibai aka ce Din, wato shugaban ofishin, ya tafi mitin, washegari ma haka. Sai da aka gama rabon katin da 'yan kwanaki sannan NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fito da umarnin a rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris. To in je gida in yi me? Na je gidan dai, ranar 25 ga wata ina zaune ina kallon mutane suna dawowa da tawada a yatsa. Katina yana cikin sama da miliyan 6 da INEC ta ce ba a karɓa ba. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, saboda ba lalaci ne ya hana ni ba.

Mai Lissafi: Allah sarki Maman Biyu, ki yi haƙuri ban yi tunanin irin naku ba gaskiya. Amma kin ga wannan laifin NUC ne da ma'aikatar ilimi ba na Din ba.

Maman Biyu: Na yarda su ne manya, amma Din ai shi ne kunnen hukumar makaranta a wajen ɗalibai. Da ya rubuta wa shugaban jami'a ya ce ɗalibaina da yawa katinsu na gida a ba su Alhamis da Juma'a su haɗa da ƙarshen mako, me zai ragu? In ana bikin yaye ɗalibai ai ana dakatar da lakca.

Malam Na Ofis: Jama'a sannunku. Ni ma'aikaci ne a irin wannan ofishin da kuke magana a kai, a wata jami'ar ba taku ba, shekarata goma sha ɗaya a ciki, kuma na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba amma wannan karon dole in yi magana. Da farko ku san me ke kan teburinmu. Rabon gado a hostel mu ne, kuma gadajen ba su kai rabin masu nema ba. Katin shaidar ɗalibi mu ne. Tura sunayen masu tafiya bautar ƙasa mu ne. Rajistar ƙungiyoyi, zaɓen ƙungiyar ɗalibai, rikicin 'yan ɗaki, yaron da ya faɗi da daddare a kai shi asibiti, wanda 'yan sanda suka kama a cikin gari, in ɗalibi ya rasu mu ne muke kiran iyayensa mu raka gawa. Yanzu kuma ga lamunin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, ya ƙaru. Duk wannan mu nawa ne? Ba mu kai ashirin ba har da masinja. Na biyu, kalandar karatu ba Din ke tsara ta ba, majalisar malamai ta jami'a ce ke amincewa da ita, Din ba shi da ikon ba da hutun ko awa ɗaya. Na uku kuma wanda shi ne gaskiyar da ba a cika faɗa ba, tsoro ake ji. Ranar da ka fitar da takarda mai ɗauke da kalmar zaɓe, wani zai ɗauki hotonta ya sa a Facebook ya ce makaranta na yi wa jam'iyya kaza aiki, in jami'ar jiha ce gidan gwamnati zai bugo waya. Shi ya sa manya suka gwammace su yi shiru.

Ɗan Aji Huɗu: Ranka ya daɗe Malam mun gode da ka fito ka yi bayani, wlh ban san aikin ya kai haka ba. Amma dan Allah tsoron nan ban gane shi ba. Shugabannin jami'o'i da farfesoshi su ne fa suke tattara sakamakon zaɓe su sanar a talabijin, tun zamanin Farfesa Attahiru Jega ake wannan, shi kansa daga shugabancin Jami'ar Bayero aka ɗauko shi ya shugabanci INEC a 2010. 'Yan bautar ƙasa da ɗaliban manyan makarantu su ake ɗauka aikin wucin gadi a rumfuna. Kenan jami'a na cikin harkar zaɓe tsundum, sai wajen gaya wa ɗalibi ya je ya yi kati ne za a ce siyasa ce?

Malam Na Ofis: Ƙanena wannan maganar taka ba ni da amsarta, ka yi gaskiya.

Baba Mai Ritaya: Yara ku ba ni dama in ɗan koma baya, don abin da Malam ya kira tsoro yana da asali. Ina jami'a a 1978 lokacin zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da Ali Must Go, zamanin mulkin soja na Obasanjo, Kanar Ahmadu Ali na riƙe da ilimi. Ƙarin kwabo hamsin aka yi a kuɗin abinci na kowace rana, daga naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa naira biyu, ɗalibai suka tashi daga Legas har Zariya, aka rasa rayuka, gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokacin. A 1986 kuma aka sake zubar da jinin ɗalibai a Zariya. Tun daga nan hukumomin jami'a suka ɗauki duk wani taron ɗalibai da ya shafi mulki a matsayin wuta, shi kuma ofishin ɗalibai aka mai da shi ɗan kwana-kwana. Ana auna Din ne da cewa a zamaninsa ba a yi bore ba, babu mai tambayarsa ɗalibai nawa ya taimaka. Soja sun koma bariki tun 1999 amma wannan tunanin bai bar ofisoshin ba. Ni na yi aikin koyarwa shekara talatin da ɗoriya na zauna a kwamitoci da dama, ban taɓa jin an kawo maganar rajistar zaɓen ɗalibai a kan tebur ba ko sau ɗaya, ni ma kuma ban kawo ba, wannan nauyi ne da nake ji a wuyana.

Maman Biyu: Allah ya ƙara lafiya Baba, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Tasha: Ni dai ku yi haƙuri zan kawo wata magana daban. Ku kuna ta kati kati, wanda bai ci abinci ba fa? A 2023 ina da katina a aljihu, hutu ma an bayar, amma ku tuna lokacin ne aka canza kuɗi, ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, babu tsofaffi babu sababbi, ka je wajen mai POS ya ce sai ka ba shi wani abu mai tsoka kafin ya ba ka dubu biyar, taransifa kuma ta maƙale netwok babu, direba a tasha ya ce shi tsabar kuɗi yake so. Makaranta ta ce kowa ya fita daga hostel za a kulle. Mu huɗu muka kwana a ɗakin wani abokinmu a cikin gari har aka gama zaɓen shugaban ƙasa ba mu je ko'ina ba. Motocin makaranta suna fake a gareji. Da ofishin ɗalibai ya haɗa kai da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi an ɗebi mutane a farashi mai sauƙi ana karɓar taransifa, da yawa sun je. Yanzu kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, ni yau kuɗin zuwa gida da dawowa ya fi abin da nake ci a sati biyu. To ka ce min in je in kaɗa ƙuri'a, da me?

Mai Lissafi: To ai shi ya sa ni nake ganin mafita ɗaya ce, kowa ya mai da katinsa makaranta. INEC na ba da damar sauya rumfa, ta intanet ma kana iya farawa, dokar zaɓe ta 2022 ta ce dai a yi kafin kwana 90 ga zaɓe. Kuma a 2021 an ƙara rumfuna sama da dubu 56 sun kai 176,846, manyan jami'o'i da yawa akwai rumfa a cikinsu ko a bakin ƙofa. Ba kuɗin mota ba haɗarin hanya, ka fito daga ɗaki ka kaɗa ka koma.

'Yar Hostel: Yaya Mai Lissafi ni abin da ka faɗa shi na yi kuma shi ya cuce ni. Ina aji ɗaya na yi rajista a rumfar da ke cikin makaranta saboda na san babana ba zai bar ni in yi ta zirga-zirga a hanyarmu ba ga yadda tsaro yake. Da umarnin rufewa ya zo sai aka ce ba wanda zai kwana a hostel, muka je mu kusan goma muka roƙi matar da ke kula da mu ta ce ita umarni aka ba ta, ku maza kuna iya raɓewa a ɗakin aboki a gari mu mata ina za mu? Haka na tafi gida katina na nan rumfata na can. Kenan hutun da aka bayar don a yi zaɓe shi ne ya hana ni zaɓe. Kuma ba wanda ya tambaye mu kafin a yanke, ba wanda ya ƙirga mu nawa ne masu kati a makaranta mu nawa ne masu kati a gida.

Malam Na Ofis: 'Yata gyara kaɗan, a takardar da NUC ta aiko dalilin da aka fi jaddadawa shi ne tsaron ɗalibai da ma'aikata da dukiyar makaranta a lokacin zaɓe, shi ya sa aka kulle hostel gaba ɗaya. Amma ƙorafinki yana nan daram. Kuma akwai wani abin da ya ƙara dagula lissafi, zaɓen gwamnoni da aka sa 11 ga Maris an ɗage shi zuwa 18 saboda sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, alhali hutun 14 ga wata zai ƙare. Wasu makarantu suka ƙara kwanaki, mu a wajenmu sanarwar ƙarin ta fito ne bayan wasu yara sun riga sun kamo hanya. Na ga yaro ya sauka da jakarsa a bakin get aka ce ya koma, ban manta fuskarsa ba.

Ɗan Tasha: Kuma Mai Lissafi ka manta wani abu, in na mai da katina nan gwamnan jihar da nake karatu zan zaɓa, ni kuma sikolashif ɗina da hanyar ƙauyenmu da asibitin da mahaifiyata ke zuwa duk suna hannun gwamnan jiharmu. Shekara huɗu zan yi in bar garin nan. Me ya sa zan sayar da ƙuri'ata ta gida?

Mai Lissafi: Ba sayarwa ba ce Ɗan Tasha, nan ɗin ma ai kana shan ruwansu kana bin titinsu, kuma ɗan majalisar da ke wakiltar unguwar da jami'a take in ya san akwai ƙuri'a dubbai a hostel dole ya kula da ku. Yanzu me ya sa ba sa leƙowa? Sun san ranar zaɓe ba kowa a ciki.

Na Ƙasar Waje: Slm jama'a, ina karatun digiri na biyu a Amurka bari in faɗa muku yadda na ga ana yi a nan, ba don in ce sun fi mu komai ba don su ma rigimarsu a kan zaɓe ba ta ƙarewa. Su doka ce ma, tun 1998 aka sa a dokar ilimi mai zurfi cewa makarantar da ke cin tallafin gwamnatin tarayya ta yi iya ƙoƙarinta ta isar wa ɗalibai da fom ɗin rajistar zaɓe. Kuma kotun ƙolinsu tun 1979 ta tabbatar ɗalibi na iya rajista da adireshin makaranta. Abin da na gani da idona shi ne mataimakin shugaban jami'a mai kula da ɗalibai yana turo imel ga kowa, ga ranar rufe rajista, ga inda rumfa take, ga yadda wanda ya fito daga wata jiha zai nemi a aiko masa da takardar ƙuri'a ta gidan waya, a ƙasa kuma ga lambar masu ba da shawara ga wanda hayaniyar zaɓe ta dame shi, ga inda mai buƙata zai karɓi kayan abinci kyauta. Ba sunan jam'iyya ba sunan ɗan takara. Mu 'yan ƙasar waje kuma a fili suke gargaɗinmu kar mu kuskura mu yi rajista laifi ne babba. Binciken da Jami'ar Tufts ke yi ya nuna kashi 66 cikin ɗari na ɗalibai sun yi zaɓe a 2020, a 2016 kuwa wajen kashi 52 ne. Abin da ya fi burge ni shi ne a saƙo ɗaya suke haɗa maganar zaɓe da maganar ci da lafiyar ɗalibi, wato dai abin da Ɗan Tasha yake faɗa.

Ɗan Tasha: To ka ji, su ana aiko musu har ɗaki. Mu a 2023 ko ma'aikacin zaɓen da ke riƙe da akwati bai samu ya kaɗa tasa ba.

Maman Biyu: Ni imel ma ban sa rai ba, mu nawa ne ke buɗe imel ɗin makaranta? Amma kowane aji yana da guruf na WhatsApp, kowane aji yana da wakili, akwai masallacin Juma'a akwai coci a cikin makaranta, wasu jami'o'in ma suna da gidan rediyonsu. In kuɗin makaranta ne cikin awa ɗaya saƙo ya zaga ko'ina.

Ɗan Aji Huɗu: Wannan shi ne ainihin abin da ke damuna Anti. Hatta maganar tallafin ma haka take. NELFUND ta buɗe fotal tun Mayun 2024, bashi ne ba ruwa, ana biya maka kuɗin makaranta kai tsaye a kuma ba ka dubu 20 duk wata, biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, amma akwai 'yan ajinmu da suka ajiye karatu saboda kuɗi alhali ba su nema ba, wasu sun ɗauka akwai riba a ciki ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani, wasu kuma sun cike an ce makaranta ba ta ɗora bayanansu ba suka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan. A 2025 ma ai an yi ta cece-kuce a ƙasa cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba. To ɗalibin da ya saba duk saƙon da zai fito daga ofishin nan barazana ce, ko yau aka ce masa je ka yi kati zai ce me suke nema kuma.

Ɗan Ƙungiya: Kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni na riƙe muƙami a ƙungiyar ɗalibai, kuma ina gaya muku darasin farko da ɗalibi ke koya game da zaɓe a cikin makaranta yake koyonsa, kuma mummunan darasi ne. Mu a namu ofishin ɗalibai ne ya tantance 'yan takara, sharaɗin maki kowa ya yarda da shi, amma sai ga wanda ya cika duk sharuɗɗa an cire shi ba a faɗi dalili ba saboda ya taɓa magana a kan ruwan hostel. Aka yi zaɓe ta intanet, ba wakilin ɗan takara ko ɗaya da ya ga yadda aka haɗa alƙaluma, da yamma kawai aka liƙa sakamako. Shekarar da ta biyo ma ba a yi zaɓen ba sai kwamitin riƙo aka naɗa. Yaron da ya ga haka yana shekara 19 ka zo kana ce masa ƙuri'arka 'yancinka, kallonka kawai zai yi. An yi dokar rage shekarun takara a 2018, ɗan shekara 25 na iya neman majalisar wakilai ko ta jiha, to a ina zai koyi yadda ake takara ta gaskiya in ba a nan ba?

Malam Na Ofis: Ɗan Ƙungiya ba zan kare abin da ban gani ba, kuma na san ana yi. Amma ku ma ku faɗi naku. Sau nawa shugabannin ƙungiya suke zuwa gidan ɗan siyasa su karɓo kuɗi su dawo su ba shi lambar yabo da sunan ɗalibai duka? In muka ba ku zaure muka ce ku wayar da kai a kan rajista, ranar taron sai mu ga an shigo da huluna da fastoci. Ya taɓa faruwa da mu, Din ɗinmu sai da ya amsa tambayoyi a gaban shugaban jami'a.

Ɗan Ƙungiya: Wannan ma gaskiya ne Malam ba zan musa ba, akwai 'yan neman na cefane a cikinmu. Amma maganinsa ai ofis ya riƙe taron da kansa ya gayyato jami'in INEC na ƙaramar hukuma, mu namu kawo mutane.

Baba Mai Ritaya: Ku dubi alƙaluman INEC na 2023 da kyau. Mutum miliyan 93 da 'yan kai ne a rajista, a cikinsu waɗanda suka rubuta sana'arsu ɗalibta sun kai miliyan 26, sun fi manoma sun fi 'yan kasuwa. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba su cika miliyan 25 ba, kusan kashi 27 cikin ɗari. Wato masu sunan ɗalibai a rajista sun fi duk waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a ƙasar yawa. Na san wasu sun daɗe da gama karatu ba su canza ba, amma duk da haka. Malam Na Ofis, ɗana, ka san hanyar da takarda ke bi ta isa majalisar malamai, ka nuna wa yaran nan tun yanzu kafin a buga kalandar da zaɓen 2027 zai faɗo a ciki, don in aka buga ta gyara sai Allah.

Malam Na Ofis: To Baba, na ji. Ɗan Aji Huɗu ga shawarata. Kar ka je kai kaɗai kuma kar ka je da baki, a ofis abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba. Ku rubuta wa Din ta hannun ƙungiyar ɗalibai, ku sa ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta Kirista da na jihohi su sa hannu don kar a ce na ɓangare ɗaya ne, ku kai kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Kar ku cika buƙatu. Ku nemi a fitar da sanarwar rajista da sauya rumfa da karɓar kati ta hanyar wakilan aji, a rubuta wa kwamishinan INEC na jiha a roƙi ya turo na'ura cikin makaranta na 'yan kwanaki, sannan a tambayi ɗalibai ta fotal ina katinka yake gida ko makaranta, wannan tambayar ce za ta ba Din abin da zai riƙe ya shiga majalisa da shi. Maganar mota da barin hostel a buɗe ku ajiye ta sai alƙaluman sun fito. Ni ma zan gwada a wajenmu, ban yi alƙawarin za a amince ba.

'Yar Hostel: Dan Allah Malam maganar hostel kar a ajiye ta, ko bulo ɗaya ne a bar wa mata masu kati a makaranta da masu gadi. In aka bari sai zaɓe ya matso za a sake cewa umarni ne daga Abuja.

Mai Lissafi: Ni har yanzu ina kan bakana cewa rufe makaranta sati uku asara ce bayan duk yajin aikin da aka sha, kwana huɗu ya isa. Amma zan sa hannu a takardar, kuma lissafin fotal ɗin in an samu ku turo min in tsara shi.

Ɗan Aji Huɗu: Na gode ƙwarai jama'a. Zan rubuta daren nan in turo nan ku duba kafin Litinin. 'Yar Hostel zan sa maganarku a matsayin ta huɗu, Malam ka yi haƙuri, in sun cire su suka cire. Maman Biyu in ba damuwa ina so in sa labarinki a ciki ba tare da suna ba.

Maman Biyu: Ka sa ƙanena, ka rubuta har da awa bakwai ɗin da goyon. Ni ma jibi zan je ofishin INEC na ƙaramar hukumarmu in tambayi katin nawa ko yana nan.